Ruwan da Ya Sauka Cikin Karaban Ɗinmu

Shekarar da maigidana ya samu aiki a wani sito a Lyon ta ƙasar Faransa, ni da 'yarmu muka zauna a wani gari mai nisa, Stains, a falon gwaggona. Gwaggo ba ta taɓa cewa mun ishe ta ba, amma kullum da safe sai ta tsallake katifarmu tana dogon numfashi. Shi kuwa ya nemi gidan haya har takalminsa ya cinye, bai samu ba. Rabuwar ta dame ni ƙwarai, don yarinya ta fara kiran wayata Baba.

Wata rana ya kira ni. "Na samu gida! Har da tayoyi gare shi."

Karaban ce, irin ɗakin nan da mota ke ja, wani tsohon Bature ya gaji da ita a filin 'yan zango da ke bayan gari. Da na je gani, ina takawa ƙafata ta nutse kamar a jiƙaƙƙen burodi. Bango duk fumfuna, ga wari.

"Malam, wanga gida ne ko rijiya?"

"Ke dai ki sa ido. Ɗan magini kika aura."

Gaskiyarsa ne. Mahaifinsa magini ne a Damagaram, kuma tun yana yaro aka koya masa cewa kafin damina duk inda ka ga kafa, ka toshe. Ya ɓamɓare ruɓaɓɓun katakai, ya shimfiɗa sabbi, ya yi fenti. Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Sannan ya ɗauki silikon, ƙaron nan na toshe kafa, ya bi rufi da tagogi. Da ya zo kan 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofa da na saman rufi, masu raga-raga, sai ya girgiza kai.

"Dubi sakacin Turawa. Su huda ɗaki da hannunsu, sannan su yi mamaki ruwa ya shiga."

Ya liƙe su tsaf, yana murmushin wanda ya gyara wa Faransa kuskure.

Muka tare sanyi na farawa. Don murna na tuƙa tuwon masara da miyar kuka, muka dafa shayi, na shanya wankin yarinya a ciki, ƙofa a rufe gam. Da safe ɗigon ruwa ne ya tashe ni, a tsakiyar goshi. Rufi na zuba, tagogi na hawaye.

Malam ya hau sama da jallabiyarsa, ya duba ko'ina. Ba a yi ruwa ba, ko yayyafi. Ya ƙara silikon. Washegari abin ya ci uban na jiya. Kafin a daɗe sabon katakon ya soma yin baƙi, yarinya kuma ta kama tari.

Na same shi zaune a bakin ƙofa, hannu cikin hammata.

"Ku koma wajen Gwaggo," ya ce, bai dube ni ba. "C'est fini, magana ta ƙare. Na kasa."

Tunda na aure shi ban taɓa jin "na kasa" a bakinsa ba. Ta yi mini ciwo fiye da sanyin.

Na koma ciki na ɗora abincin rana, don ko tafiya za a yi sai an ci. Ina ɗaga murfin tukunya ruwa ya tsiyayo mini a hannu. Na dubi murfin, na dubi rufi.

"Malam, zo. Wa ya huda murfin ga?"

Ya karɓa ya juya shi. Ya ɗaga kai sama, ya daɗe a haka.

"Ke nan mu ne damina?"

"Mu ne. Da tuwonmu, da wankinmu, da numfashinmu."

Ya ɗauki wuƙar yankan albasata ya durƙusa yana kankare ramukan, yana ƙunƙuni yana neman gafarar mahaifinsa. Iska mai sanyi ta shigo, na ƙara wa yarinya riga. Zuwa la'asar tagogi sun washe, muna hango bishiyoyi.

Yarinya ta ja masa jallabiya. "Baba, gobe ma nan za mu kwana?"

Ya juyo, ni ya duba.

Na ce, "Tashi ka kafa mini ƙusa a bangon can. Ina son wurin rataya muciya."