Gambo Mai Lasar Batir

A shekarun farko na samun 'yancin kai, lokacin da rediyo ta fara shiga ƙauyukan Makarfi, Allah ya ba Gambo na Gazara sana'ar da babu wanda ya taɓa yi a zuri'arsu: lasar batir. Noma bai karɓe shi ba, gonarsa tun daga nesa ake gane ta saboda tsawon ciyawa. Karatu kuwa, malaminsa da kansa ya ce ya je ya huta. Amma fa harshe, an ba shi.

Rediyo tana da wani hali na rashin mutunci. Idan ƙarfin batir ya yi ƙasa da wani mizani, maimakon ta yi shiru sai ta shiga shirme. Mai karanta labarai daga Kaduna ya koma kamar bunsuru mai mura, a ji rabin magana, a ƙarasa sauran da ka. Da haka aka taɓa zuwa ta'aziyyar wani attajirin Kudan, aka tarar da shi yana cin tuwo.

To, wannan mizani a bakin Gambo yake. Ranar kasuwar Makarfi sai ya shimfiɗa buhu a gindin durumi da 'yan wayoyinsa. Ya manna su a batir, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. In ya zabura sai ya ce, "Wannan da ransa." In fuska kawai ya yamutsa ya ce, "Yana gargara, kada ka yarda da labarin da zai ba ka." In bai motsa ba kuwa, "Allah ya jiƙansa."

Don tattalin harshen nan ya bar goro, ya bar yaji, kunu ma sai ya huce sarai yake sha. Matarsa Rahmatu ta gaji da miya lami. "Malam, wai kai na aura ko harshenka?" in ji ta.

Wata rana kwaɗayi ya kai shi wajen masu dafa mazarƙwaila. Ya ga ruwan rake yana tafasa yana ƙamshi, ya dangwala da kara ya kai baki. Harshen ya saluɓe. Ciwon ya warke, amma ji ya tafi. Kasuwar da ta biyo baya, duk batirin da aka miƙo masa sai ya yi masa addu'ar mamaci, har da wanda Ja'afaru mai tireda ya ɓare daga kwali a gabansa.

"Gambo," in ji Ja'afaru, "anya ba kai ne ka sauka ba?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Gambo ma ya yi, amma ta yaƙe ce. In aka gane, shi ke nan, ya koma ba kowa ba.

Da ya isa gida ya gaya wa Rahmatu. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Miƙo in ji abin da ya hana ni cin yaji." Ta ɗora waya a harshe, ta daka tsalle tana salati. "Kai! Wannan ai mugu ne!"

Daga ranar Gambo ya daina zaman kasuwa, ya ce mai so ya same shi a gida. Sai ya karɓi batir a zaure, ya gyara murya ya ce, "Bari in shiga ciki, aikin yanzu ba ya son idon jama'a." Rahmatu ta lasa a bakin murhu, ta faɗa masa, shi kuma ya fito yana taku ɗai-ɗai ya yanke hukunci. Maimakon a yi zargi, sai sunansa ya ƙara tashi, har daga Furana da Janfalan ake zuwa a kan keke. Wasu ma cewa suke aljanu ne ke taya shi, bai kuwa taɓa musawa ba.

Abin haushin, yanzu shi ke zambaɗa yaji son ransa tunda ba ya ji, ita kuwa ta ci gaba da miya lami don tattalin nata harshen, ta rufa masa asiri. Kullum sai ta yi mita, amma ko ƙanwarta ba ta gaya wa ba.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin a yanke dawa ta rasu. Bayan an watse daga zaman makoki, sai ga Ja'afaru da batir a hannu. Suka gaisa, ya ƙara yi masa ta'aziyya. Gambo ya karɓa ya shiga ciki kamar yadda ya saba, sai da ya kai bakin murhu ya tuna. Ya tsuguna a wurin, ya ɗora wayoyin a harshensa, ya daɗe yana jira. Bai ji komai ba.

Ya fito idonsa jawur.

"Yaya, da ransa?" in ji Ja'afaru.

Gambo ya miƙa masa batirin, ya haɗa masa da wayoyin.

"Ban sani ba, Ja'afaru. Mai sanin ta tafi."