Kwana Tara da Manaja Ya Yi Shiru

Yayana ba shi da ofis, ba shi da kujera mai juyawa, amma kowa Manaja yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Aikinsa nemo wa ƙananan mawaƙan bishara wurin da za su yi waƙa, irin waɗanda babu wata babbar majami'a da ta tsaya musu, sai muryarsu da tsofaffin kayan kiɗa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana wannan yawo. Ni ce autarmu, kuma a shagona na buga takardu ake yi masa takardun talla, don haka babu abin da ya wuce ni a harkar.

Daga Litinin zuwa Juma'a a kan benci yake yini, a ƙofar ofishin wannan fasto ko wancan, da waya cike da waƙoƙi. Idan an ba shi minti biyu sai ya kunna ɗaya, ya zuba wa faston ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Samun gayyata ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce lokacin da za a ba su. Ƙananan mawaƙa a farkon taro ake jefa su, sa'ad da ake jera kujeru, su yi ta rera wa mai shara. Shi kuwa abin da yake roƙo shi ne gab da wa'azi, lokacin da ɗaki ya cika, kowa ya zauna. Sau nawa ya samu? Yatsun hannu ɗaya sun isa.

Yana da doka guda wadda ba ya karyawa: ba a gaya wa mawaƙi mugun labari kafin ya hau dandamali. Tun yana sabon shiga ya taɓa gaya wa wata an rage mata lokaci, ta hau muryarta ta ƙi fita. Daga ranar ya kulle bakinsa. Lasifika ta ƙone, motar komawa ta fasa zuwa, duk shi kaɗai yake haɗiyewa, ya yi ta murmushi har a sauko. Na sha ce masa wannan ƙarya ce, an dai sa mata kwat. Sai ya ce, "Auta, ke takarda kika sani. Maƙogwaro yana jin magana." Kuma gaskiya sau da yawa dabarar ta yi aiki.

Ƙungiyoyin da ya rena sun fi ashirin, duk sun watse. Wasu aure, wasu tafiya, wasu faɗa a kan wanda zai tsaya a tsakiya. Guda ɗaya ta rage masa, 'yan gareji, don a garejin mai gangarsu suke gwaji. Su huɗu ne: Makaniki a ganga, Mai Aski a jita, Malama a fiyano, sai Tela, wata siririyar mata mai ɗinki, ita ke waƙa. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Su ne kaɗai abin da Yaya zai nuna ya ce ga abin da ya yi da rayuwarsa.

Sai ga babban taron haɗin majami'u a zauren da ke cin mutum dubu uku. Yaya ya yi wata huɗu yana sintiri har aka ba 'yan gareji gab da wa'azi. Na buga takardun talla da fuskokinsu huɗu, shi da kansa ya bi bango yana mannawa.

Saura kwana tara, yana zaune a shagona, sakataren taron ya kira shi. Wayarsa mai ƙara ce, na ji komai.

"Manaja, mai waƙar kaɗai muke so. Muna da makaɗanmu, an riga an haɗa kaya. Ba za mu kwance wayoyi saboda mutum uku ba."

Da ya ajiye na ce, "Yaya, tashi ka je gareji yanzu."

Ya ce, "Zan gyara."

"In ba ta gyaru ba fa?"

"Na ce zan gyara, Auta."

Kullum sai ya je ofishin sakataren, kullum a ce masa sakataren ba ya nan. Da yamma ya wuce gareji ya zauna a kan tsohuwar taya, yana kaɗa kai ana gwaji. Tela ta ɗinka musu riguna iri ɗaya, shuɗi da farin wuya. Makaniki ya rufe aiki kwana biyu, ya je ƙauye ya ɗauko mahaifinsa, tsohon da ya yi shekaru yana cewa kiɗa aikin marasa aikin yi ne. Duk Yaya yana gani. Na yi niyyar in je in faɗa musu da kaina, na kasa, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Ranar taron, wajen ƙarfe huɗu na yamma, zaure ya cika maƙil. Suka taho su huɗu cikin shuɗin rigunansu zuwa matakalar dandamali. Wani mai riƙe da takarda ya tare hanya.

"Mai waƙa kawai."

Tela ta ce, "Mu huɗu ne, ɗan'uwa. Duba takardarka."

"Na duba. Ai an gaya wa manajanku tun makon jiya."

Duk suka juya suka kalli Yaya. Bai musa ba. Aka kira sunan Tela a lasifika, mutane suka fara tafi. Ta ce, "Baba Manaja, su fa?" Ya ce, "Hau, 'yata. Hau kawai." Aka sake kiran sunanta, ta hau.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ta yi waƙar da kyau. Ban taɓa jin muryarta haka ba, mutane suka miƙe tsaye. Su ukun kuwa suna gindin matakala, Makaniki da sandunan ganga a hannu. Daga inda nake ina hango mahaifinsa a layi na uku, yana ɗaga wuya, yana bin makaɗan dandamali ɗaya bayan ɗaya da ido.

Wata babbar majami'a daga cikin masu taron ta ɗauke Tela a watan. Idan ta hango Yaya a hanya sai ta canza titi, ban sani ba ko kunya ce ko fushi. Mai Aski ya sayar da jitarsa. Malama ta daina ɗaga waya. Fastocin da a da suke barinsa a benci suka koma kiransa, wai ya samo musu irin Tela, murya kawai, ban da tarkace. Bai je ko ɗaya ba. Ya dawo shagona yana taya ni yanka takarda, ya rame, ya daina tsokanar kowa.

Bayan sati shida ya ce in raka shi gareji. Muka tarar da Makaniki a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai a waje. Ya fito, ya goge hannu, ya gaishe mu da ladabi, ya ba Yaya kujera. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

Yaya ya ce, "Na zo ne ka yafe min. Tsoro na ji kada ku hana Tela hawa, ko ita ta ƙi."

Makaniki ya jingina da motar, ya ce:

"Baba, shekara goma sha ɗaya ina zaune a bayanta ina jin muryar nan. Ka zaci ban san ta fi mu ba? Da ka gaya mana, mu da kanmu za mu raka ta har matakala, mu koma cikin jama'a mu fi kowa tafi. Da har yau muna tare." Ya ɗauki sifanarsa. "Na yafe maka. Amma ashe duk shekarun nan ba ka san mu ba."

Ya koma ƙarƙashin motar. Yaya ya zauna a kujerar har na taɓa kafaɗarsa na ce mu tafi.