Ciyawar Kawu Bala Mai Shan Gishiri

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na unguwar Suwaidi a Riyad ya san bayan asuba babu barci, saboda ƙarar cokali a cikin bokiti. Kawu Bala ne, yayan mahaifiyata, tsugune a tsakar gida yana dama gishiri a ruwa. Ya tsoma yatsa ya lasa, ya yamutsa fuska ya ce, "Bai kai teku ba." Sai ya ƙara. Duk wannan hidimar fa ta ciyawa ce. Ciyawa, jama'a!

A bakin teku wajen Dammam ya tono ta, ranar da ya kai iyalin kafilinsa, wato Balaraben da yake yi wa tuƙi, shan iska. Ya juye ƙanƙara da lemon yaran daga cikin kula, ya zaunar da ita a ciki da yashinta. Madam, matar kafilin, ta yi ta zazzaga masa masifa har Riyad. Yana dawowa ya dasa ta a tsakar gidanmu. Da muka ce ya yi ganganci, aikinsa fa ya taɓa, sai ya ce, "Yara suna da baki, in sun ji ƙishi za su faɗa. Ita fa?"

Tun daga ranar miyarmu ta koma lami. In na ce, "Kawu, ina gishirin da na sayo jiya?" sai ya ce, "Hawan jini ke kashe mutane a ƙasar nan, taimakonka nake yi." Na sha gaya masa ciyawar nan jure gishiri kawai take yi, ba don shi take rayuwa ba. Ya harare ni ya ce, "Kai ma shinkafar kabsa ta riƙe ka, amma in ka ga tuwo har rawa hannunka yake yi. Baƙuwa ce kamarmu, a bar ta ta ji ɗanɗanon gida."

Ku 'yan gidanmu, kun tuna Babbar Sallar da muka haɗa kuɗi muka sayi rago? Isiyaku direban tirela, da wayonsa, ya ɗaure shi a jikin famfo, dab da ciyawar. Kafin mu dawo daga Idi ya aske ta ƙwal. Kawu ya tsaya ya duba. Ana sauke suya ya jawo faranti gaba ɗaya gabansa. Isiyaku ya ce, "Haba Kawu, ai na kowa ne!" Ya ce, "Ni ba nama nake ci ba, ciyawata nake karɓa." Haka muka zuba masa ido har ya suɗe hannu. Ita kuwa ta sake tohowa, taurin kai irin na mai ita.

Ko da ya je hutu Kano, in ya kira ni ta bidiyo na ce, "Kawu, ya mutan gida?" sai ya ce, "Matsa, kanka ya tare ta."

To, ku yi dariyarku, amma ni raina a ɓace yake, kuma da ku nake. Tun ba a gama karɓar gaisuwar rasuwarsa ba, haris, wato mai gadi, ya shigo ya ce mai gida zai shimfiɗa tayil a tsakar gida, a cire ciyawa. Kai Isiyaku ka yi farat ka ce, "Mafi mushkila, ba matsala, ai ciyawa ce." Sauran kuka gyaɗa kai. Wallahi kun ba ni kunya! Mutumin da ya tarbi rabinku a filin jirgi, ya ba ku katifarsa kafin iƙamarku, takardar izinin zama, ta fito?

Da ku aka kai shi makwancinsa, kun san a nan ba a rubuta suna a kabari. Ranar Juma'a na koma, na yi ta zagaye a cikin rana, na kasa gane wanne ne nasa. Ban san me zan ce wa mahaifiyata ba. Abin da ya rage mana nasa a garin nan ita ce. Kuma a satin nan ta fitar da farin kai mai laushi, wanda ya shekara da shekaru yana jira bai gani ba.

Saboda haka na tono ta, na mayar da ita cikin kularta, tana kan soro. Mai son gishiri a miya ya sayi nasa ya ɓoye.

Yau da safe na dama, na tsoma yatsa na lasa. Bai kai teku ba, Kawu. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya shayar da kai ruwan Alkausara, wanda ba za ka ce a ƙara masa komai ba. Amin.