Sajo Mai Huɗa da Wayar Autansa

Duk wanda ya taɓa noma a yankin Durun ya san Sajo mai huɗa, in ma bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Da damina, tun rana ba ta ɗaga ba, sai ka jiyo shi daga wata gona can yana yi wa shanunsa magana ƙasa-ƙasa, yana kiran sunayensu, suna jan garma suna tayar da kunya. Dogo ne siriri, bayansa ya soma rusunawa, malafarsa kuwa ta sha damina ta sha rani har ba a gane asalin launinta. Da mutane ba shi da doguwar magana. In ka gaishe shi zai bi gaisuwar har ƙarshenta, ya tambayi gida da gajiya da ruwa, daga nan kuma sai ka nemi abokin hira a gaba.

Ba a gona ya tashi ba. Mahaifinsa makiyayi ne mai garke na gaske, kuma Sajo a bayan shanu ya yi wayo, da sanda a kafaɗa da gora a rataye. Yana ji yana gani burtali ya koma gona, makiyaya ta koma gona, har mashayar da suke zuwa aka zagaye ta da lambu. Ciwo ya ɗebi rabonsa a garken, gado ya ɗebi nasa, kasuwar Getso ta lamushe sauran, yau a kai ɗaya saboda asibiti, gobe a kai ɗaya saboda taki. Ba rana ɗaya aka yi asarar ba balle a zo masa jaje. Haka dai aka wayi gari Sajo ya zama manomi, abin da ya rage masa na kiwo bijimai biyu ne a turke a bayan ɗaki. In sun tsufa ya sayar, ya sayo ƙanana ya hore su da kansa, ya yi huɗar gonarsa ya yi wa mutane tasu. Abu guda ya ƙulla a ransa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba: kada turken nan ya zama wofi yana da rai.

To, huɗa ba aikin mutum ɗaya ba ce ga wanda ƙugu ya fara ba shi labari. Ana son mai riƙe garma a baya, ana son mai jan igiya a gaba. Babban ɗansa Badamasi ne ya fara ja masa, yaro mai hankali, ba wanda ya taɓa kawo ƙararsa. Wata shekara masara ta yi kyau, Sajo ya ga ya kamata ya faranta masa, ya saya masa waya. Shi a ganinsa abin wasa ne mai kiɗa da fitila. Ashe sa'o'in yaron da suka tafi ci-rani duk yamma sai sun kira shi sun ba shi labarin Fatakwal. Kafin wata daminar ta zagayo Badamasi ya bi su, yana can har yau yana sayar da albasa. Bai lalace ba, a yi masa adalci. Yana aiko da atamfa da ɗan abin cefane da salla, ya yi aure a can, yakan zo in an yi rasuwa. Tafiya kawai ya yi, kuma bai dawo ba. 'Yan matan, ƙannensa, duk suna gidajen mazajensu, gida ya rage daga Sajo sai matarsa Altine sai autansu Sagiru, wanda ya gaji igiyar tun tsayinsa bai kai tozon bijimi ba.

Shi ya sa gaban Sajo ya faɗi ranar da Sagiru ya zo bayan la'asar ya same shi yana gyaran karkiya, ya durƙusa kusa da shi. An gama girbi a lokacin, yaron bai wuce sha huɗu ba.

"Baffa, dama cewa na yi ko za a saya mini waya."

Sajo bai ɗago ba. "Tawa ba ta ishe mu ba?"

Yana da waya, gaskiya ne, 'yar ƙarama mai madannai irin wadda yara ke wa laƙabi da raka-ni-kashi. A aljihun wata riga take kwana, rigar kuma a jikin ƙusa.

"Taka kullum a kashe take, Baffa. Da damina sau nawa Malam Baƙo yana turowa har gida kan maganar huɗa. Kuma duk 'yan ajinmu..."

"Tashi ka ba shanu ruwa."

Yaro ya tashi. Altine da ke tankaɗe a ƙofar ɗaki ta bari sai da ya ɓace sannan ta ce, "Malam, yaron nan fa ba ƙarya ya yi ba. Masu huɗa na Kabo ta waya ake kama su tun ruwa bai ɗauke ba, kai kuwa sai an tako an yi sallama. In ka hana shi tasa, ta wasu zai riƙa ara a bayan masallaci, ba ka san abin da yake kallo ba."

"Wancan ma haka kika ce."

"Wancan ƙafarsa ce ta kai shi."

"Wa ya nuna wa ƙafar hanya?"

Ta kaɗa rariya ta ce, "To ai shi ke nan. Amma ka faɗa masa lokaci, ya san abin da yake jira. Yaushe zai isa?"

Tambayar nan ta hana Sajo sakat. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan ya sani, amma gudu ba amsa ba ce. Ya tuntuɓi wani malamin su Sagiru a bakin hanya, malamin ya ce a bari sai ya gama sakandare. Mai shagon caji kuwa dariya ya yi, ya ce ai yanzu da waya ake yaye. Sajo bai gamsu da ko ɗaya ba, don shi ba da shekaru yake auna mutum ba, nasa shekarun ma bai riƙe su ba. A gidansu shanu ne ke faɗin girman yaro. Mahaifinsa bai bar shi ya fita da garke shi kaɗai ba sai ranar da Sajo ya tsaya daga nesa ya yi kira, shanun suka ɗago kai suka taho gare shi. Dabba ba ta san kara ba, ba ruwanta da ɗan wane. In ta ji muryarka, to ka natsu ne.

Ya kira Sagiru gaban turke, ya nuna masa bijiman, Goje da Ɗan Ja.

"Ranar da ka riƙe garma kai kaɗai, ba mai ja a gaba, ba sanda a hannunka, waɗannan suka kai ƙarshen kunya suka juyo da muryarka, ranar ka isa waya."

"To, Baffa."

Dabarar ta yi wa Sajo daɗi har ya ƙara tuwo a ranar. Goje taurin kai gare shi kamar me, Ɗan Ja kuwa abin da Goje ya yi shi yake yi, kuma tun suna ƙanana murya ɗaya suka sani. Ya lissafa cewa yaron zai yi shekara da shekaru yana fama. In kuma ya ci nasara, to kafin nan shanu sun shiga ransa, wanda shanu suka shiga ransa kuwa ba ya tafiya sayar da albasa. Ta ko'ina dai, a ganinsa, riba ce.

Sagiru bai ƙara tayar da maganar waya ba. Duk ranin nan shi ne a turke. Kafin ya tafi makaranta ya dama musu dusa da kanwa, in ya dawo ya sauko da harawa daga kan rumfa, ya share kashi, ya bi kunnuwansu da ƙasan wuyansu yana cire kaska, yana yi musu surutai. Sajo da ƙugu ya matsa wa a shekarar ya sakar masa komai, yana zaune a tabarma yana kallo, ransa fari tas. Har ya ce wa Altine, "Kin gani ko? Jini ba ya ɓuya." A ranin ne kuma muryar yaron ta fashe, ta yi kauri.

Da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, suka tafi gonar Malam Baƙo. An ɗaura karkiya ke nan Sagiru ya naɗe igiyar a ƙahon Goje, ya zagayo baya.

"Baffa, in gwada?"

Sajo ya matsa gefe ya ba shi wuri. Yaro ya kama garma, ya ƙyasta harshe, shanu suka ɗaga. Kunyar farko ta ɗan karkace, Sajo ya ji sanyi-sanyi a ransa, Allah ya yafe masa. Amma da suka kai bakin iyaka Sagiru ya ce, "Juyo, Goje," ba tsawa ba komai, sai ga Goje ya karyo, Ɗan Ja ya bi shi, suka kama sabon layi kamar an ja su da zare. Haka suka yi ta yi har aka ci rabin gonar.

Malam Baƙo ya tafa hannu. "Kai, barka Malam Sajo! Ka yi magaji."

"Allah ya sa," in ji Sajo. Alfahari ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa, tsoro kuma ya kama shi a lokaci guda, ya rasa wanda zai saurara a cikinsu.

Ya so ya ƙara wani sharaɗin, ya ce sai an ga kaka, ko sai an ga baɗi. Amma magana zarar bunu ce, kuma ya ga yadda tafin hannun yaron ya yi kanta. Suka ɗora ragowar masarar bara a kan acaɓa suka nufi Gwarzo. A shago Sajo ya nuna mai madannai irin tasa, idon Sagiru kuwa na kan masu shafawa. Sajo ya yi ajiyar zuciya ya ce a ɗauko mai shafawar, ta hannu. Wurin rajistar layi aka ce yaro bai kai ba, sai dai babba, don haka fuskar Sajo aka ɗauka, yatsunsa aka dangwala. Ya fito yana goge hannu a riga yana mamaki: a wurin hukuma yaron bai isa ba, a wurin shanu ya isa.

A faɗi gaskiya, wayar ta yi amfani. Ruwa na ɗaukewa kira ke shigowa, aiki ya kai su har gonakin bakin Kabo. Sagiru ne a garma yanzu, Sajo ya bi gefe, in ƙugu ya motsa ya nemi inuwa. Har ya fara tunanin ko dai ya zargi abin nan a banza.

Wata ranar suna huɗar dawa a tasu gonar, hadari na haɗuwa ta gabas, ana son a gama kafin ya sauko. Wayar ta yi ƙara a aljihun Sagiru. Ya duba, ya tsayar da shanu a tsakiyar kunya.

"Yaya ne, Baffa. Ina zuwa."

Ya tafi gindin ɗorawa. Sajo ya dubi sama, ya ga ba lokacin jira, ya kama garma. Ya ƙyasta harshe. Goje ya kaɗa kunne ya kori ƙuda. Ya kira sunansa, ya kira na Ɗan Ja, da muryar nan da duk Durun ta sani. Ɗan Ja ya juya kai wajen ɗorawa ya tsaya yana kallo. Ya sake kira da ƙarfi har tari ya sarƙe shi, ko gezau. Akwai tsumagiya a jikin shinge, miƙa hannu kawai zai yi, amma bai taɓa dukan su ba, kuma ba yau zai fara ba. Ya tsaya riƙe da garma, a cikin shirun nan kuwa maganar yaron ta riƙa iso shi sarai.

"E, Yaya... A'a, sai an kai amfani gida... Ka ce akwai wurin kwana ko?... A'a, ban faɗa masa ba tukuna."

Jim kaɗan Sagiru ya taho yana miƙo wayar da hannu biyu. "Baffa, ga Yaya zai gaishe ka."

Sajo ya karɓa ya kara a kunne. Magana ɗaya ce a maƙogwaronsa: ka bar mini wannan. Amma Badamasi ɗan fari ne. Tun da aka haife shi Sajo bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa zama hira da shi ba, balle ya buɗe baki ya roƙe shi wani abu. Haka mahaifinsa ya yi da nasa ɗan farin, haka ya tarar ana yi.

"Baffa, ina wuni? Ya damina?"

"Lafiya lau. Alhamdu lillahi."

"Ya ƙugun?"

"Da sauƙi. Ya iyalin?"

"Suna gaishe ku. Sagiru dai yana ƙoƙari ko?"

"Yana yi," in ji Sajo. "Allah ya yi muku albarka."

Ya miƙa wayar. Yaro ya soka ta a aljihu, ya karɓi garma, ya ƙyasta harshe sau ɗaya, shanu suka ɗaga. Sajo ya bi gefensu a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Bai ji haushi ba, ya ma nemi haushin ya rasa, gajiya ce kawai ta sauko masa tun daga wuya har tafin ƙafa. Da suka kai ƙarshen kunya suka juyo, ya yi magana ba tare da ya dubi yaron ba.

"Daga gobe ni zan riƙa dama musu dusa. Su sake sabawa da muryata kafin kaka."

Sagiru ya tsaya cak, shanun ma suka tsaya. Ya sunkuyar da kai.

"Baffa..."

"Ja mu je," in ji Sajo. "Ruwa na tahowa."