Ranar Da Na Zama Baƙuwa A Gidanmu

Shekarar da na gama sakandare aka yi taron matasa na kwana uku a cocinmu da ke Tudun Wada. An gayyato wani baƙon mai wa'azi, dogo, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Ya yi ta nanata mana cewa mu masu bi 'ya'yan Allah ne. Ya kuma yi magana a kan hidima, amma lokacin hankalina ya riga ya tafi da rabin farko. Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai, ko gaisuwar maƙwabta da ƙyar na amsa.

Mahaifiyata 'yar ƙungiyar zumuntar matan cocinmu ce, kuma duk Asabar da safe ita da wasu mata huɗu ke share coci. Na daɗe ina bin ta da bokiti da tsumma. Da Asabar ta zagayo, ta ɗaura ɗankwali ta ce, "Ɗauko tsintsiya mu tafi."

Na ce, "Mama, ai an gaya mana mu 'ya'ya ne, ba bayi ba. Ina 'yar Sarkin sarakuna, ina shara?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "To, madalla," ta ce, ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Da ta dawo ban ga alamar fushi ba. Sabuwar tabarma ta shimfiɗa a gindin mangwaron tsakar gida, ta rusuna ta ce, "Ranki ya daɗe, bismillah." Ta kawo mini shinkafa da wake a farantin tangaran da ba a fito da shi sai fasto ya zo, har da cokali mai yatsu. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na miƙe ƙafa na cinye tas.

Matsalar ta fara ne da na tuna da ƙanzo. A gidanmu ƙanzon shinkafa nawa ne, kowa ya sani. Na nufi kicin, sai Mama ta tare ƙofa.

"Haba, ranki ya daɗe, ina ke ina hayaƙi? Koma ki huta."

Na koma. Can sai ga Hajiya, maƙwabciyarmu, ta shigo aron rariya. Suka shige kicin suna ƙus-ƙus, suna ƙyalƙyala dariya, ina kuma jin ƙarar cokali yana kankare tukunya. Hajiya ta fito tana taunar ƙanzona, ta ce, "Sannu da hutawa, gimbiya."

Na tashi zan ɗebi ruwa a randa, Mama ta riga ni, ta miƙo mini a kofin gilashi. Na ce zan kwashe shanya, ta ce Allah ya sawwaƙe. Kafin la'asar na gaji da zama, har ƙafafuna sun yi tsami.

Baba ya dawo daga shagonsa na ɗinki, ya tarar da ni a kan tabarma na zabga tagumi. Ya leƙa kicin ya ce, "Baƙuwa muka yi ne?"

"Babba ma kuwa," in ji Mama.

Nan na fashe da kuka, ina cewa ni ba baƙuwa ba ce, gidan ubana ne.

Mama ta fito tana goge hannu da gefen zani, ta zauna kusa da ni. "To, kin ji da bakinki. Kin taɓa ganin na miƙa wa baƙo tsintsiya? Ɗan gida ake aika. Ni 'yar Allah ce, shi ya sa na san inda ake ajiye bokiti a gidansa. Ni baiwarsa ce kuma, da son raina, ba wanda ya ɗaure ni."

Baba ya ce shi dai yunwa yake ji, a ci gaba da wa'azin bayan ya ci abinci. Ni na kawo masa, ni na kuma wanke kwanuka, ina jan majina.

Asabar ta gaba na riga Mama shiryawa. Labari ya riga mu isa coci, don matan na ganina suka kama guɗa. Aka ba ni doguwar sanda in cire yanar gizo-gizo a tagogi. Muna gamawa ruwan sama ya ɓarke, babu halin fita neman abin hawa. Sai wata tsohuwa a cikinsu ta jawo tulun da suke kaɗawa in suna waƙa, ta ɗora mini a cinya, ta kama hannuna tana nuna mini inda ake bugu. Na yi ta ɓata musu waƙa, suna ta gyara mini, har ruwan ya ɗauke.