Farin Dutsen da Ya Kashe Min Raguna

Mun tashi da asuba daga Gyaɗi-Gyaɗi, ana sallame salla muka fito mu uku: ni, da yayana, da maƙwabciyata malamar makaranta. A cikin adaidaita sahun da ya kai mu tashar Unguwa Uku, Yaya ya maƙale gefen direba ya ba mu ƙeya, kamar ba tafiyarmu ɗaya ba.

Ga waɗanda ba su san abin da ya fitar da ni ba, bari in warware muku. Kiwon raguna nake yi a bayan gidan hayarmu, in sayar gab da babbar salla. Bana uku na ɗaure. Na saya musu kanwar lasa wajen wani mai baro a kasuwar Tarauni, fara sol, ga araha. Ba a jima ba suka kama gudawa da dalalar miyau, ɗaya bayan ɗaya suka miƙe ƙafa. Kafin in gama share hawaye, unguwa ta yanke hukunci wai Malama ce ta ba su guba. Hujjarsu, ta taɓa roƙona in matsar da turken daga tagarta saboda wari, kuma ilimin sinadarai take koyarwa. Akwai hujja ta uku da ba a faɗa da ƙarfi: 'yar Filato ce, ranar Lahadi coci take zuwa. Yayana da kansa ya kai maganar wajen Alhaji mai gidan, shi kuma ya ce ta nemi wani wurin kafin wata ya mutu.

Ni kuwa na ce allambaran. Ni aka yi wa asara, amma wasu suka fi ni kuka. Matar da muka yi shekaru muna aron gishiri da murhu, rana ɗaya a ce min makashiya ce? Malama ta duba ragowar kanwar ta ce tana zarginta, sai dai ko an kai ɗakin gwaji cewa za a yi ita ta barbaɗa wani abu a kai. Na ce to mu je tushenta, inda hannunki bai taɓa kaiwa ba. Na tsare mai baro har ya faɗa min ƙauyen da ake kawo masa ita, can wajen Doguwa. Yaya kuma na ce ƙafata ƙafarsa, tunda bakinsa ya ƙulla, idonsa zai kwance.

Kuɗin mota kam kada ku tambaya, sai da na sake tambayar ɗan kamasho ko Makka motar za ta. Aka cusa mu cikin wata tsohuwar bas, buhun taki a ƙarƙashin ƙafata, kajin wata tsohuwa a kan cinyar Yaya. Na ji daɗin wannan, Allah ya yafe min. Muka ɗauki titin Zariya, a Kwanar Dangora muka karya hagu. Damina ta fara sauka a can, gonaki sun yi shar, manoma duƙe tun da sassafe. Shingaye kuwa ba a magana, kowanne direba ya miƙa hannu ta taga ya dawo da shi yana tsaki.

A Tudun Wada muka tsaya karin kumallo. Ƙosansu manya ne, ba irin namu na birni da sai ka sa tabarau ba, kokon kuma ya ji kayan ƙamshi. Malama ta fito da dafaffen ƙwai daga jakarta ta miƙa min, ta miƙa wa Yaya. Ya ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi," alhali tun daga Kura nake jin kukan cikinsa. Ta juya za ta mayar cikin jaka. Ni na karɓi nasa na haɗa da nawa na cinye a gabansa, ina kallonsa cikin ido.

Da muka shiga dajin Falgore hira ta mutu a motar. Kowa ya san labaran da ake bayarwa, sai motsin leɓe kake gani, tsohuwar mai kaji na jan carbi, Malama ta sunkuyar da kai tana tata addu'ar. Direba ya take mota kamar an biyo shi. Dajin da kansa kyakkyawa ne, dogayen itatuwa, birai zaune a bakin titi suna kallonmu kamar mu ne abin kallon. Bayan mun fita muka sauka a wata 'yar kasuwa, muka hau babura zuwa ƙauyen, cikin jan taɓo da hawa da gangara tsakanin duwatsu. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don mutanensa sun karɓe mu da mutunci.

Muka fara gaida mai gari, aka kawo mana fura da nono mai sanyi, sannan aka kira mutumin da ke kai kanwar Kano. Magidanci ne mai fara'a, ya zaci ma sari muka zo yi. Ya ce akwai tsohon ramin haƙar kuza tun na zamanin Turawa, samari suka sake buɗe shi, sai ga farin abu a bangonsa. "Allah ne ya kawo mana kanwa har ƙofar gida," in ji shi. Da ya ɗanɗana ya ji ta lami, shi ne yake haɗa ta da kanwar kasuwa ya dunƙule. Na tambaye shi ko yana ba dabbobinsa. Ya ce ai ko akuya ba shi da ita.

Ramin a gindin dutse yake, bakinsa kamar ƙofar rumbu, ciki sanyi da danshi. Muka kunna fitilun waya muka shiga a duƙe. Ba nisa sai ga shi, fari tas a jikin bango kamar an manna auduga. Da na matsa kusa na ga ashe wasu 'yan allurai ne sirara, cunkus-cunkus, suna ɗan sheƙi. Malama ta taɓa da tsinke, nan take suka murƙushe. Gaskiya abin yana da kyau, har na ji haushin kyansa.

Ta haska mana wani dutse mai launin toka da ƙyalli irin na azurfa a ƙarƙashin farin. Ta ce wannan yana ɗauke da guba mai suna arsanik. In an fasa ƙasa iska da danshi suka daɗe suna cinsa, gubar takan tsatso. In ta tarar da sinadarin kalsiyam, irin wanda ke cikin farar ƙasa da siminti, sai su haɗu su fito da wannan farin furen. Ta nuna mana cewa iyakarsa inda tsohon simintin Turawa yake, gaba da nan babu ko ɗigo. Ta ce ba kasafai ake samunsa ba, sai a irin waɗannan tsofaffin ramuka, har a wasu ƙasashe a akwatin gilashi ake ajiye shi ana kallo. Tana kyautata zaton wanda ake kira famakolait ne, amma yana da 'yan'uwa masu kama da shi, sai ɗakin gwaji zai raba gardama. Na ce oho dai, ko sunansa Tanko ne, abin da ake sawa a gilashi ni na ba raguna suka lasa.

Muka fito haske da ɗan guntu a kan ganye. Ta ciro lemon tsami da kanwar miya ta gaske daga jakarta. Ta matsa a kan kanwar, sai ta yi ta kumfa tana cuu, yadda kowace mace ta sani. Ta matsa a kan farin dutsen, shiru, ko kumfa ɗaya.

Yaya ya taɓe baki. "Wannan duk wasan 'yan makaranta ne. Kanwa ai harshe ke saninta." Ya sa hannu ya ɗebi garin ya nufi baki da shi, yadda ake yi a kasuwa.

Ban ga lokacin da Malama ta tashi ba. Ƙarar kawai na ji, ta make masa hannu, garin ya watse a ƙasa. Mace, baƙuwa, ta doki hannun Yaya, Alhaji guda, a gaban dattawan gari. Ta ce, "Alhaji, ka sa a kore ni daga gidan in ka ga dama. Amma ba za ka sa wannan a bakinka ina tsaye ba."

Yaya ya tsaya yana kallon hannunsa. Ta karɓi guduma wajen masu haƙa ta miƙa masa tare da dutsen nan mai launin toka, ta ce in gwaji yake so ya doka wannan, amma kada ya kai hanci kusa. Ya doka. Wari ya tashi, warin tafarnuwa sak, a wurin da ko albasa babu. Ta ce alamar gubar ke nan. Ya ajiye gudumar a hankali, ya nemi sabulu da ruwa, ya yi ta wanke hannu har sai da na ce masa fatar za ta saɓule.

Mai kawo kanwar kuwa zaman dirshan ya yi, hannu a ka, yana ta salati. Na tafi da niyyar wanke shi tas, na kuwa fara, amma da na ga idonsa sai sauran maganar ta maƙale. Bai sani ba, kwaɗayi da rashin tambaya ne suka kai shi. Mai gari ya sa aka toshe bakin ramin da ƙaya a gabanmu, ya ce a bi duk wanda aka sayar wa a karɓo. Malama ta ƙulle ɗan guntu a leda biyu don gwaji, ta roƙe su su kai maganar ga jami'an lafiya.

A dawowa muka wuce dajin lafiya. A Tudun Wada Yaya ya sayi rake ya miƙo min ta baya, ya ce, "Ba ta." Na ce ni ba 'yar aike ba ce, ga ta ga ka. Ya yi kamar bai ji ba, sai ni na miƙa. Muna shiga Kano ana kiran magariba, ƙafafuna sun kumbura, zanena ya zama ja.

Washegari Yaya ya je wajen mai gida ya faɗi abin da ya gani, har da dukan hannun bai ɓoye ba. Mai gidan ya ce to shi ke nan, ta yi zamanta, a bar kaza cikin gashinta. Ni ban yarda da wannan kazar ba. A fili aka ɓata ta, a ɗaki za a wanke ta? Na sa Yaya ya maimaita a majalisarsu ta ƙofar masallaci bayan la'asar, inda maganar ta fara yin fiffike. Ya yi, kuma na yaba masa, don ba ƙaramin abu ba ne dattijo ya lashe amansa a gaban sa'o'insa.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Ba kowane fari ne kanwa ba, masu kiwo ku san wajen wa kuke saye, araha kuma ba ta ado. Na kuma gane cewa mun fi saurin zargin maƙwabci a kan mu hau mota mu je mu duba.

Da yamma na shiga ɗakin Malama da murnata, na tarar tana kwance kayan da ta riga ta ɗaure. Na ce, "Malama, magana ta ƙare, kowa ya ji." Ta yi ɗan murmushi tana ninke zane.

"Manya sun ji, Hajiya. Ɗazu na dawo daga makaranta, 'yar gidan kusa da famfo ta hango ni. Yarinyar da na goya ranar sunan ƙaninta. Ta ja shi suka shige gida da gudu. Su wa zai gaya musu?"

Na fito na zauna na rubuta wannan. Na san da yawanku 'yan layinmu kuna karantawa, kuna kuma sane da abin da kuka faɗa wa 'ya'yanku a kanta. Malama tana nan, ba inda za ta. Da bakin da kuka tsorata su, da shi za ku kira su yau ku ce ƙarya kuka yi.