Mai Askin da Ya Koyi Latin a Tsaye

Mijin yayata mai aski ne, kuma ba ya iya jin damuwar mutum ya yi shiru. Shekara da shekaru yana sauraron rikicin aure daga bakin masu zama a kujerarsa, har ya ƙudurta shiga ajin dokar coci, don ya riƙa tsaya wa mutane a kotunta. Aka ce sai ya ci jarrabawar Latin tukuna, domin da harshen aka rubuta manyan littattafan.

Na ce, "Yaya, Latin fa? Masu harshen ma sun mutu sun bar shi."

Ya ce, "Ka ga ke nan babu mai yi mini dariya sai kai."

Matakin farko bai ba shi wuya ba. Na biyun, inda ake karanta falsafa da tauhidi, shi ya fitar masa da gumi. Ba shi da lokacin zama, sai ya jingina littafin jikin madubi, tsakanin burushi da kwalbar man gashi, yana aski yana karantawa ta saman kan mutum, yana fassarawa da ƙarfi. Wanda aka ɗaure wa ƙyalle a wuya, ga reza kusa da maƙogwaro, ba ya gardama. Ni kaina da rabin gemu na saurari hujjojin samuwar Ubangiji, na kuma yarda da su duka.

Ranar jarrabawa yayata ta ce in raka shi. Na tsaya bakin taga ina leƙe. Mai jarrabawar wani tsohon fada ne, wato limamin coci. Ya zaunar da shi, ya tura masa littafi, ya nuna shafi. Mutumina ya dubi shafin, ya dubi hannuwansa, ya shafa gwiwa. Ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Idan ya faɗi, sai baɗi.

"Ɗana, ba ka shirya ba ne?" in ji fada.

"Na shirya, Fada. Ban taɓa karanta shi a zaune ba ne."

"To yaya kake karanta shi?"

Sai ya tashi, ya jingina littafin jikin tulun fure, ya zagaya bayan tsohon, ya ɗan karkatar masa da kai da yatsa biyu. Nan take Latin ya ɓalle kamar an buɗe famfo. Ya karanta, ya fassara, ya amsa tambayoyi, fada kuwa ya kafe wuya bai motsa ba har aka gama.

"Ka ci," in ji tsohon. "Amma ka sani, a ajin doka a zaune ake karatu."

Abin da yake koyo yanzu ke nan: zama. Idan shago ya yi sauƙi sai ya hau kujerar askin da littafinsa, yayata ta tsaya a kansa, da ya yunƙura ta danna masa kafaɗa.